Tsohuwar da Bakinta Ya Ƙi Daina Tauna

Ku matso, ku masu cewa aikin kemis zaman inuwa ne. Shekaranjiya ina kan bencina na ji ɗayanku, wancan mai askin da kamar an fara aka ɗauke wuta, yana gaya wa abokansa wai da ya samu hali zai buɗe kantin magani, tunda ba wani abu ba ne, a miƙo maka kwali ka miƙa ƙwaya. Madalla da wannan basira. Allah ya ba shi sa'a, ya kuma tsare mutanen unguwarsu. Ni dai tunda ido bai gama tafiya ba, na ce bari in rubuta muku kaɗan daga abin da na gani a bayan kanta. In kun ga kuskuren rubutu ku gyara a zuci. Aji biyu na yi a sakandare, aka ce in maimaita, na ga girmana ya wuce haka. Sunana Sule, amma duk Dutse Dokta ake ce mini, har likitocin gaske, musamman in suna neman abin dariya.

Aikin farko da maigidana ya ba ni shi ne in yi shiru. Malam Audu Dispensa ke nan, Allah ya jiƙansa, wanda ya bar aikin asibiti ya buɗe ɗan kanti a Aujara. Ya hana ni taɓa ko kwalbar man zafi, ya ce in zauna a lungu in saurari yadda mutane ke ba da labarin cikinsu. Don ciki shi ke koro yawancin masu shigowa, kuma babu mai kiran ciwonsa da sunan da ke cikin littafi. Wannan ya ce wuta ce a ƙirji. Wancan ya ce dutse aka ajiye masa ƙarƙashin haƙarƙari. Wata ta ce kwaɗo ne, in gari ya yi shiru har maƙwabta na jin kukansa. Malam Audu ba ya dariya. Sai sun fita ya juyo ya ce, "To, shugaban ɗalibai, mai kwaɗo da mai wuta ciwonsu ɗaya ne?" In ce ɗaya ne. Ya ce, "Allah ya shirye ka. Ɗauko tsintsiya."

Akwai wani manomi da aka kawo ranar kasuwa da hantsi, ya ce loma kaɗan ke ƙosar da shi, sauran yini kuma sai kumburi da gyatsa da tashin zuciya. Malam Audu ya kwantar da shi a benci bayan labule, ya kama ƙugunsa da hannu biyu, ya ce in sa kunnena a saman cibiyarsa. Ya girgiza shi. Na ji ruwa na kaɗawa a ciki, ƙulum, ƙulum, kamar gorar da ba ta cika ba. Mutumin nan rabonsa da sa wani abu a baki tun tuwon jiya. Tuwon yana nan zaune bai gusa ba. Malam Audu ya ce, "Ka ji? Wannan ba wuta ke damunsa ba. Tumbinsa ne ya yi kasala, ba ya tura abinci gaba. In ka ba shi maganin wuta ka ɓata masa lokaci. Asibiti za shi."

Kayan aikinmu ba su da yawa: almakashin yanka katin magani, ƙananan ambulan, biro, benci, labule. Wanda bai yi boko ba ka zana masa rana tana fitowa, rana a tsaka, rana tana faɗuwa, ka ja layi ƙarƙashin kowace, ka kuma sa ya maimaita maka da bakinsa. Magungunan ciki kuwa kowanne da halinsa. Farin ruwan nan mai kama da kunun alli yayyafi ne, ya kwantar da zafi na ɗan lokaci ya wuce. Kafson da ake haɗiya da safe kafin a ci komai, omifurazol, shi can yake zuwa ya rage ruwan tsamin daga inda yake ɓuɓɓugowa. In likita ya gwada ya ga ƙwayar cuta ce ta yi gida a tumbi, sai ya rubuta haɗin da za a sha a ƙare, ba a bari a rabi don an ji sauƙi. Wanda ya ce maka bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko yana aman jini, ko abinci na tsaya masa a wuya, ko yana rama ba dalili, wannan ba naka ba ne. Ka raka shi bakin titi ka tsayar masa da a-daidaita.

Sannan akwai ɗan tura. Haka muke ce masa a kanti, don sunansa na gaskiya, metokulofuramaid, sai da na yi aure na iya faɗinsa a numfashi ɗaya. 'Yar farar ƙwaya ce, ba ta kai wake ba. Aikinta ta zaburar da malalacin tumbi ya tura abinci gaba, ta kuma tsayar da amai. Tana aiki, ba ƙarya. Amma ba ta tsayawa a ciki kaɗai, tana leƙawa har ƙwaƙwalwa, wajen da ake riƙe da linzamin wuya da ido da harshe. Shi ya sa sai da takardar likita, na kwanaki kaɗan, kuma ba a wasa da ita kusa da yara da 'yan mata. Ina gaban Malam Audu aka taɓa shigo da wata mai ƙaramin ciki da maƙwabciya ta sam mata ƙwayar saboda amai. Wuyanta ya karkace, idanunta sun kafe a sama. Ni har na fara addu'ar neman tsari ina lalubar ƙofa. Shi kuwa tambaya ɗaya ya yi, me ta sha, ya sa aka wuce da ita asibiti.

Da na dawo Dutse na buɗe nawa kusa da tasha, na ga masu ciki iri-iri. Ma'aikacin ofis da ba ya karyawa sai la'asar, sannan ya zauna wa tsire da yaji kamar mai ramuwa. Masu zuwa ana jibi azumi su ce in ba su abin da zai riƙe musu olsa har salla. Amma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai tsohon kwali. Likita ya rubuta masa magani sau ɗaya, ya ji daɗinsa, shi ke nan ya adana kwalin a cikin hula. Daga ranar ya sallami likita. Duk kasuwar da ya shiga sai ya zaro ya ce wa mai tallan magani a baro, "Irin wannan." Mai baro kuwa ba ya tambaya.

Mummunar shekarata da irin wannan kwali ta shigo, a ƙarshen rani, hadari ya fara leƙowa ta gabas. Malam Ja'e ne ya kawo shi, wani makiyayi da na sani tun zaman Aujara. Rugarsu na cin rani a wata gona suna zuba wa mai ita taki.

"Kaɗo, har yanzu kana nan kana sayar wa mutane alli?"

"Ina nan, ɗan Fulani. Yau shanu sun ba ka hutu?"

Gaisuwarmu ke nan kullum, amma ran nan bai yi dariya ba. Ya cire malafa ya zaro kwali ya ajiye a kanta. Kwalin ya yi laushi kamar tsumma, rubutun ya kusa gogewa, amma na gane ɗan tura ne.

"Wa ke sha?"

"Tsohuwa." Mahaifiyarsa ke nan, Inna Dudu. Ba ya kama sunanta.

"Tun yaushe?"

"Ya fi damina biyu. A asibiti aka fara rubuta mata. Sauran a kasuwa nake saya, Aujara, Garki, duk inda na samu."

Na ce ba zan ba shi ba. Bai yi gardama ba. Ya tsaya yana kallon kwalaben da ke bayana, can ya rage murya ya ce, "To kana da maganin da ke tsayar da baki?"

Na zagayo na zaunar da shi a benci. Sai da na yi ta jan sa kafin labarin ya fito. Tun bara bakin tsohuwa ya fara motsi shi kaɗai. Tana tauna, ba komai a bakin. Leɓe na tsotsa, harshe na leƙowa yana komawa, safe da yamma, sai in barci ya ɗauke ta. Da farko aka ce tsufa ne. Sai ga 'yarsa Hajjo, budurwa, wadda kakar ta fi so duk cikin jikoki, ta faɗi wata rana da yamma, wuya a murɗe, ido a sama. Bayan nan ta sake faɗuwa, ita da amaryar ƙanen Arɗo, shugaban rugar, rana ɗaya, bayan sun yini a bukkar tsohuwa. Mutane suka dubi yaran a ƙasa, suka dubi bakin da ke tauna. Ba wanda ya so ya fara furtawa. Matarsa Adama, uwar Hajjo, ita ta fasa: mayya ce, kurwar yaran take ci.

Ku 'yan birni kuna iya murmushi. Ku sani dai in an zargi mutum da kama kurwa, akan sa shi ya tsallaka wanda ya kama, wai ya sake shi. Aka kawo Inna Dudu. Ba ta yi musu ba, jikarta ce a kwance. Ta tsallaka. Da aka jima wuyan yarinya ya saki, ta tashi ta nemi ruwa. Shi ke nan, shaida ta cika. Aka cire bukkar tsohuwa aka kafa can bayan garke, aka hana kowa zuwa in ba ɗanta ba. Duk da haka Hajjo ba ta daina faɗuwa ba. Arɗo ya yanke magana: da an yi ruwan shuka mai gona zai karɓi gonarsa, ruga za ta tashi, kuma ba za a tashi da ita ba.

"Ni ba zan bar ta a fili ba," in ji Ja'e. "In kuwa na tsaya da ita, Adama ta ce za ta bi 'yan'uwanta da yaran. Ka ga inda nake, Dokta. In bakin ya tsaya, wataƙila su ƙyale ta."

Bakin na gane shi, aikin ɗan tura ne in tsoho ya daɗe yana sha. Faɗuwar yarinyar ma na san kamanninta. Abin da ya ɗaure mini kai, yaya tsohuwa za ta sha magani jika ta faɗi? Ja'e ya rantse yarinyar ba ta taɓa ganin ƙwayar ba, a ƙulle take a gefen zanen tsohuwa. Washegari na rufe kanti na hau bayan babur ɗinsa.

Mun isa bayan azahar. Na sha shiga ruga, ban taɓa shiga mai shiru irin wannan ba. Ba yaro ko ɗaya a waje. Maruƙan da ke ɗaure a igiya suka juyo gaba ɗaya suna kallonmu. Iska ta tsaya cak, sama ta yi nauyi, ruwan ya ƙi sauka. Mata na leƙe ta bakin bukkoki, da mun haɗa ido sai a saki asabari. Hanyar zuwa bukkar tsohuwa an zuba mata toka an gitta ƙaya, wai kada abin ya biyo sawu. Ja'e ya ɗauke ƙayar da sandarsa, na wuce, shi ya tsaya daga nesa.

Tun kafin in gan ta na ji ta. Caɓ, caɓ, caɓ, a hankali, ba gaggawa, kamar saniya na tuƙa. Tana zaune a kan buzu, 'yar siririya, hannuwa a kan gwiwa. Idanunta lafiya lau, na mai hankali, suna kallona. Daga hanci zuwa ƙasa kuwa kamar fuskar wani ce aka ɗinka mata. Muƙamuƙi na niƙa, leɓe na murguɗawa, harshe ya fito ya lashi iska ya koma. Na yi shekaru ina ganin marasa lafiya, amma sai da na gyara tsayuwa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce bari in yi abin da na iya.

"Inna, me kike ci haka ba ki sam mini ba?"

Maganarta na fita a gutsure, tsakanin tauna da tauna. "Abin da suke tambaya ke nan, ɗana. Su dai ba da wasa ba."

"To me kika ce musu?"

"Me zan ce? An ce mai abin wani lokaci ba ya sanin yana da shi. Na tsallaka ta, ta tashi. Da idona na gani. In ni ce, Allah ya sani ban sani ba."

Wannan magana ta fi bakin ban tsoro. Na bar ta na koma kan aikina. Na tambaye ta yadda take shan maganin. Ta ce da haɗiya take yi, amma tun da harshe ya fara wannan hali, in ta sa ƙwaya sai ya turo ta waje. Sai ta koma murƙushe ta da bayan ludayi a cikin furarta, ita kaɗai a ɗaki, don ba ta cin abinci gaban suruka, balle a gan ta tana shan magani kamar mai raki. Da ta ga kumburin bai daina ba, ta ƙara ƙwaya, ta sake ƙarawa.

"Kina shanye furar?"

"Ina? Ludayi kaɗan, ciki ya cika."

"Sauran fa?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko tana salla. "Mu a wajenmu babba ba ya kai ƙwarya ƙasa. Ana rage wa na baya su sami albarka."

"Yanzu da aka hana kowa zuwa, wa kike rage wa?"

Ta kau da kai. Bakin ya ci gaba da aikinsa. A gefenta ga ƙwarya an rufe da faifai. Na buɗe. An shanye tas, ba a wanke ba, har da sawun yatsa inda aka suɗe. Na shafa gindin, wani farin gari ya biyo yatsana. Na ɗanɗana, ɗaci. Garin ƙwaya ƙasa yake kwanciya tare da tsakin gero. Tsohuwa na shan ruwan sama, mai shan saura na kwashe maganin kusan duka.

Ina riƙe da ƙwaryar aka kurma ihu.

A gindin turmi muka sami Hajjo, tana daka ta faɗi. Wuyanta ya juya har haɓa ta kai kafaɗa, bayanta ya banƙare, baƙin idon ya shige sama sai fari, harshe ya turo ya cika baki. Hawaye na gangara zuwa kunne. Abin da mutane ba su sani ba, mai wannan hali yana jin komai, yana gane kowa, jikin ne kawai ya ƙi bin umarni. Tana jin uwarta na ihu, "A kawo ta! A kawo ta ta sakar mini 'ya!"

Ba sai an kawo ta ba. Ga ta nan tafe da kanta, ta taka tokar, tana dogara sanda, bakin na tauna. Mutane suka dare. Arɗo na tsaye, dattijo mai farin gemu da carbi. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi kamar kowa. Na kai masa ƙwaryar na ce ya shafa ya ɗanɗana. Ya ɗanɗana ya tofar. Na yi masa bayani iyakar Hausata, na haɗa da Fillancin da na tsinta a kasuwa.

"Mun ji, Dokta," ya ce. "To tsallakawar fa? Duk lokacin da ta tsallaka, yarinya na tashi."

"Ranka ya daɗe, ko akuyarka ce ta tsallaka ta, in maganin ya gama yawonsa a jiki za ta tashi. Yau dai a bar tsallakawa. A ba ni ita mu je asibiti. In allura ba ta sake ta ba, ga gemuna, a aske da fasasshiyar kwalba."

"Gemunka me zai yi mini?" in ji Adama. "In ta mutu a hanya fa? Ba ka jin yadda take numfashi?"

Tana da gaskiya, don abin yakan kama maƙogwaro, kuma ni ma ina jin numfashin. Inna Dudu kuwa ba ta saurari kowa ba. Ta iso kan yarinyar, ta tattare zane, ta ɗaga ƙafa. In ta sauke ta a ɗaya gefen, yarinya ta tashi da yamma kamar kullum, to ko asibitin gaba ɗaya na ɗauko na kawo, ba mai sake jin maganata.

Ja'e ne ya tare. Mutumin da bai taɓa haɗa ido da uwarsa a gaban jama'a ba, ya zube ƙasa ya riƙe ƙafar da hannu biyu, a sama. Ta ja, ya riƙe. Ta dube shi, bakin na motsi. Can ta mayar da ƙafar inda ta ɗauko ta.

Aka ɗora Hajjo a babur tsakanin uban da uwar, ni na biyo a bayan wani, a bakin titi muka sami mota. Ma'aikaciyar jinyar da ta tare mu, wata mai tabarau, tun daga ƙofa ta ce, "Me ta sha?" Na miƙa kwalin. Ta kira likita, aka yi wa yarinya allura. Adama ba ta gama share fuska ba wuyan ya fara dawowa, a hankali, kamar ana kwance igiya. Idanu suka sauko. Harshe ya koma gidansa. Hajjo ta dubi uwarta, abin da ta fara cewa shi ne, "Kada ki dake ni. Kakata ita kaɗai take cin abinci, shi ya sa nake zuwa."

Washegari aka kawo tsohuwa. Likita ya gwada ya ce ciwon suga ne ya daɗe a jikinta, shi ya kashe wa tumbin kuzari. Ya hana ɗan tura har abada, ya rubuta na suga, ya ce abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, mai ruwa-ruwa, a rage man shanu, ta ɗan taka bayan ta ci. Bakin kuwa ya ce mai yiwuwa ya ragu, mai yiwuwa ya zauna. Ya zauna.

Kada ku ɗauka magana ta ƙare. Hajjo ba ta sake faɗuwa ba, amma a ruga aka ce ai dole, mayya ta ga an kai zance gaban hukuma ta ji tsoro ta saki. Labarin ya riga ni isowa Dutse, ya iso kai a ƙasa. Wasu suka daina sayen maganin ciki a wajena wai ƙwayata na sa aljanu. Wasu suka riƙa zuwa a ɓoye suna neman allurar mayu, wata har da sunan wadda take so a yi wa. Shekarar nan gizo-gizo ya yi saƙa a almakashina. Arɗo kuwa da aka tambaye shi sai ya ce, "Za mu gani." Bai janye maganarsa ba, bai kuma maimaita ta ba.

Ruwan shuka ya sauka. Ja'e ya aiko in kawo wa tsohuwa maganin sugarta kafin ruga ta tashi, na isa da safe ƙasa na ƙamshi. An kwance bukkoki, jakuna sun sha kaya, wata a-kori-kura na jiran mata da tsofaffi. Shanu sun riga sun yi gaba. Mai gona na tsaye a gefe da sungumi da ƙwaryar iri. Can bayan inda garke yake, Inna Dudu na zaune a ƙasa, ƙullin kayanta a gefe. Ita ta ɗaure shi da kanta, ba wanda ya taɓa. Ja'e ya tsaya a tsakiya, tsakanin motar da uwarsa, sanda a gitte a kafaɗa. Arɗo na jan carbi yana kallon sama. Direba ya tayar da mota, ya kashe, ya sake tayarwa, ya sake kashewa. Daga inda nake ina jin bakin, caɓ, caɓ, caɓ.

Adama ta riga ta hau mota. Sai na ga ta sauko. Ta ratsa filin ita kaɗai, ta wuce mijinta ba ta dube shi ba. Da ta isa gaban surukarta ba ta gaishe ta ba, ba ta ba da haƙuri ba, su ba sa irin wannan magana ido da ido. Ta sunkuya ta kwance majanyi, ta sauko da ɗanta na goye, wanda tun da aka fara zancen ko inuwar tsohuwa ba a bari ta faɗa kansa ba. Ta ajiye mata shi a cinya. Ta ɗora ƙullin kayan a ka ta juya.

Jaririn ya kalli bakin da ke motsi. Ya miƙa hannu ya cusa yatsunsa a ciki.

Wata mata a cikin mota ta yi salati. Carbin Arɗo ya tsaya. Tsohuwa ta yi ƙoƙarin kau da kai, jaririn ya bi ta, ya damƙi leɓen ƙasa ya ja. Bakin bai daina ba, ba ya iya dainawa, yana ta mamular yatsun da dasashi. Muka tsaya muna kallo, duk ilahirinmu, har mai gona da sunguminsa. Can jaririn ya zaro hannu ya duba, ya jiƙe sharkaf da yawu. Ya ƙyalƙyale da dariya ya mayar.

Arɗo ya yi gyaran murya. Ya ce wa direba, "Kai, sauke buhun nan daga gidan gaba. Tsohuwa ba ta son iska."